Yarinyar da ta haddace ƙirga har talatin, ta kasa kawo cokali huɗu

Asalin lamarin

Yarinyar 'yar yayana ce, ita ce ta uku a ɗakin uwarta, a wani babban gida cikin birnin Kano. Ni malamar firamare ce, aji uku nake koyarwa, kuma duk Juma'a da yamma nakan je gidan in kwana biyu wurin Hajiya, mahaifiyarmu. Abin da zan kawo a nan na ɗebo shi ne daga littafin da na riƙa rubuta abin da idona ya gani, tsawon wata goma sha uku, tun tana da shekara 4 da wata 1 har ta kai shekara 5 da wata 2. Na sakaya sunanta da na makarantarta.

Lafiyarta ƙalau. Ta yi tafiya a kan kari, bakinta ya buɗe da wuri, ji da gani babu abin da ya same su. Tana da shekara uku aka sa ta ajin nazare a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma tana bin yayyenta Islamiyya. A gida Hausa ake yi zalla, a makarantar boko Turanci. Allah ya hore mata hadda. Fatiha da ƙananan surori suna kanta, waƙoƙin makaranta ma haka, ga ƙirga da Turanci daga wan har tati babu gargada. In an yi baƙi, Yaya yakan kira ta ta tsaya ta rattabo, a yi ta sa mata albarka. Takardar sakamakonta ta zangon da ya wuce ta nuna tana cikin na gaba-gaba a lissafi.

Shekara 4 da wata 1: cokali da gyaɗa

Abu biyu ne suka faru a mako ɗaya, lokacin sanyi ya fara shigowa.

Uwarta na zuba abinci a tsakar gida, ta ce mata, "Je ki ɗauko min cokali huɗu." Ta ruga, ta dawo da cikin hannunta, guda bakwai. Aka ce ta koma ta kawo huɗu. Ta koma, ta dawo da biyar. Uwar ta ce, "Ke da kike ƙirga har talatin, huɗu ce ta gagare ki?" Yarinyar ta tsaya tana kallonta, ba ta ce komai ba.

Bayan kwana uku Hajiya ta raba wa jikoki dafaffiyar gyaɗa, kowa shida. Yayanta mai shekara bakwai ya baza tasa a kan tabarma, ya ja ta ta yi layi mai tsawo, ita kuma tata na dunƙule a gabanta. Sai ta fashe da kuka wai an fi ba shi. Aka ƙirga a gabanta, shida da shida. Aka sa ta ƙirga da kanta. Ta gama, ta share hawaye, ta sake nuna tasa ta ce, "Tashi ta fi yawa." Sai da aka ƙara mata ɗaya aka samu lafiya.

Daren nan mutanen gidan suka rabu uku. Uwarta ta ce taurin kai ne da haɗama. Yaya ya ce makaranta ce ba ta matsa musu, a nemo malamin lesin. Hajiya ta ce, "Ku ƙyale min kishiya, yarinta ce." Maganar Yaya aka bi.

Shekara 4 da wata 1 zuwa wata 4: lesin

Malamin yakan zo sau uku a mako bayan magariba, awa ɗaya kowane zuwa. Aikin bai wuce uku ba: ta maimaita ƙirga da baki, ta kwafi lambobi a littafin rubutu, ya nuna lamba a takarda ta faɗi sunanta. Mutumin kirki ne, bai taɓa dukanta ba, abin da aka ɗauke shi ya yi shi ya yi.

Bayan mako goma sha biyu ga inda aka kwana. Ƙirgar baki ta tashi daga talatin zuwa hamsin. Tana rubuta 1 zuwa 20, sai dai takan juya 3 da 7 wani lokaci, abin da yara masu shekarunta suka saba yi. Aike kuwa yana nan yadda yake: in aka ce huɗu ko biyar, ta damƙo abin da hannu ya ɗauka. Rigimar rabo ma ba ta ragu ba.

Sai wasu abubuwa biyu suka ƙaru da ba a san ta da su ba. Da ta ji ƙarar babur ɗin malam sai ta ce cikinta na ciwo, sau biyu aka zaƙulo ta daga bayan ƙyaure. Na biyun shi ya fi damuna. In aka tambaye ta "nawa ne?", ta daina duban abin da ake tambaya a kai, sai ta zuba wa fuskar mai tambayar ido, ta faɗi wata lamba a hankali, in ta ga fuska ba ta saki ba ta canza wata.

Shekara 4 da wata 4: gwajin kwana biyu

Na tara marafan kwalbar lemo goma sha biyar a kwano, na ɗauko 'yar tsanarta, muka zauna a ɗakin Hajiya mu biyu. Ban ce mata karatu za mu yi ba. Na ce 'yar tsana ce za ta kasuwa, marafan nan su ne kuɗinta.

Na fara da "ba ta ɗaya", "ba ta biyu", har zuwa shida, kowace lamba sau uku, a hargitse. Ɗaya da biyu ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Uku ta dace sau biyu. Daga huɗu zuwa sama, damƙa kawai take yi, ko yunƙurin ƙirgawa ba ta yi. Wannan gwajin ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wata mai bincike, Karen Wynn, ta yi shi da yara a Amurka a shekarun 1990 da 1992, ta gano cewa yaro yakan iya jero sunayen lambobi tun kafin ya san ma'anarsu. Ma'anar ɗaya yake fara kamawa, bayan watanni ya kama biyu, bayan wasu watannin ya kama uku, duk abin da ya haura nan a wurinsa "da yawa" ne. Sai daga baya yake gane cewa ƙirga ita ce hanyar samun kowane adadi. Yarinyarmu tana bakin uku.

Sannan na jera marafai biyar na ce ta ƙirga. Yatsa na tafiya, baki na tafiya, amma baki ya fi yatsa sauri, ta kai seben kafin yatsa ya kai na ƙarshe. Da na ce, "To nawa ke nan?" sai ta koma farko ta sake jerowa. A 1978 Rochel Gelman da Randy Gallistel sun fayyace abubuwan da ƙirga ta gaskiya ta ƙunsa, uku daga ciki su ne ginshiƙai: a faɗi lambobi a jere ba tare da sauya tsari ba, a ba kowane abu lamba ɗaya tak, sannan a san cewa lambar ƙarshe ita ce yawan abin gaba ɗaya. Na farko yana hannunta sosai. Na biyu yana rawa. Na uku babu shi.

Washegari na jera layi biyu, shida shida, kowane marfi na fuskantar ɗan'uwansa. Ta ce daidai suke. Tana kallo na baza layi ɗaya. Ta ce wanda na baza ya fi yawa. Wannan shi ne sanannen gwajin Jean Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, wanda ya bayyana shi tare da Alina Szeminska a 1941. Abin da ya lura da shi shi ne yaro a wannan shekarun yakan kama siffa ɗaya ya riƙe, a nan tsawon layi, ya manta da tazarar da ta buɗe tsakanin marafan. A idonsa abin da ya fi cin wuri shi ya fi yawa, kuma da gaske yake.

Abu na ƙarshe da na gwada ban shirya shi ba, faɗo min ya yi. Na ce ta ƙirga da Hausa. Ta ce ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, bakwai, goma, ta tsaya. Na ce, "Fo da Hausa me ake cewa?" Ta girgiza kai. Ashe ƙirgar da ake taƙama da ita tana can cikin Turanci, aiken da ake yi mata kuma yana cikin Hausa, babu wanda ya taɓa haɗa mata su. Na maimaita gwajin 'yar tsana da Turanci don in tabbatar. Da na ce fo, damƙa ta yi kamar dā. Ke nan matsalar biyu ce a haɗe.

Mako biyu na bayani

Na roƙi Yaya a dakatar da lesin. Bai so ba, amma ya ce ya ba ni zuwa bayan sallah.

Hanyar da na fara bi ita ce ta aji. Na zaunar da ita, na kama yatsanta ina ɗora shi a kan marafai ɗaya bayan ɗaya, ina ce mata, "Lambar da kika faɗa ta ƙarshe, ita ce amsa." Na koya wa uwarta ta riƙa yi mata haka kullum minti goma. Cikin kwana huɗu ta kama. In ta ƙirga sai ta ɗaga murya a ta ƙarshe ta maimaita: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu!" Uwarta ta kira ni a waya tana murna.

Da na zo Juma'a ta biyu na tura mata kwano na ce ta ba 'yar tsana huɗu. Ta damƙo shida. Na ce ta ƙirga ta gani. Ta ƙirga daidai, ta ce "Shida!", ta miƙa wa 'yar tsana duka, hankalinta kwance. Wata sabuwar hadda na ƙara mata a kan ta dā: ta koyi cewa in babba ya ce "nawa", ana maimaita kalmar ƙarshe. Riba ɗaya da aka samu ita ce ƙirgar Hausa ta miƙe har goma.

Shekara 4 da wata 5: rabon dabino

Azumi ya kama, aiki ya yi wa uwarta yawa, zaman minti goma ya mutu da kansa. A nan Hajiya ta shigo, ba da niyyar koyarwa ba. Tana so ne ta raba yarinyar da bakin murhu lokacin da ake suyar ƙosai, sai ta ba ta aiki: kafin a kira salla, ta ɗora wa kowane mai azumi dabino ɗaya a faifai. Masu azumi a sashen huɗu ne, Hajiya da Yaya da matarsa da babbar 'yarsu.

Makon farko ba ta ƙirga komai ba. Suna take kira: "Na Hajiya. Na Abba. Na Umma. Na Yaya." Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba, domin kowane dabino da mai shi. In ta gama sai Hajiya ta ce, "Kishiya, ban yarda da ke ba, ƙirga min su in ji ko kin cinye nawa." Sai ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya daga faifai tana sakawa a kwanon da ke cinyar Hajiya tana ƙirgawa. Na zauna na kalli wannan da kyau. Tunda sai ta ɗaga dabino ta ajiye kafin ta faɗi lamba ta gaba, baki ba shi da halin tsere wa hannu. Abin da na yi ta fama da shi ina riƙe da yatsanta, ɗaukar dabino ta gyara shi ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Juma'ar mako na biyu na shigo da la'asar. Tana ganina ta ce, "Goggo, kina azumi?" Na ce ina yi. Ta koma wurin faifai ta jera huɗu da sunayensu, ta ƙara ɗaya, ta ƙirga, ta juyo ta ce wa Hajiya, "Yau biyar ne, saboda Goggo." Babu wanda ya tambaye ta. Wannan ne karo na farko da na ji ta yi amfani da lamba don ta ba da labarin wani abu.

Ganin haka na nemi Hajiya mu ƙara wa aikin nauyi kaɗan. Muka mayar da robar dabino cikin ɗaki, faifai yana tsakar gida, tsakaninsu taku kamar goma sha biyar. Yanzu dole ta ɗauki adadin a kanta ta tafi da shi. Ranar farko sawu huɗu ta yi, kowane sawu dabino ɗaya. Rana ta biyu ta kwaso da yawa, ta raba, ta mayar da saura. Dabara ce mai kyau, kuma ba mu hana ta ba. A rana ta huɗu ne ta tsaya a tsakar gida ta bi mutane da kallo, tana lanƙwasa yatsa ɗaya ga kowane mutum, ta dunƙule hannun ta shiga ɗaki da shi a haka. Muna jin ta daga waje tana magana ita kaɗai: "Wannan Hajiya, ɗaya. Wannan Abba, biyu. A'a, na sa na Abba. Wannan Umma."

Uwarta ta so ta tsawatar, don a ganinta surutu mutum shi kaɗai ba ɗabi'a ce mai kyau ba. Na roƙe ta ta bari. Lev Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934, ya yi bayani cewa wannan maganar da yara ke yi wa kansu ita ce maganar da manya suka saba yi musu, sun karɓe ta suna jagorantar kansu da ita, tana yawaita in aiki ya yi wuya, daga baya ta nutse ta koma tunanin zuci. In ka saurari yarinyar da kyau, muryar Hajiya za ka ji a bakinta, har da "a'a" ɗin.

Shi kuma jan hannun da muka riƙa yi a hankali, akwai masu binciken da suka siffanta shi. A 1976 David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross sun kalli yadda babba ke taimakon yara 'yan shekara 3 zuwa 5 su harhaɗa wani gini na 'yan katakai, suka kamanta taimakon da katakon da magina ke kafawa su taka, wanda ake cirewa in bango ya tsaya. Namu katakon sunayen mutane ne da farko, sai yatsu, sai lamba ita kaɗai. A goman ƙarshe na azumi Hajiya takan ce daga zaune, "Yau da baƙi, bakwai za ki kawo," ta je ta kawo bakwai.

Kwana biyu kafin sallah na maimaita gwajin 'yar tsana. Ɗaya zuwa biyar duk ta dace sau uku-uku. Shida ta dace sau biyu, na ukun ta tsallake marfi ɗaya, da ta sake ƙirgawa ta gyara da kanta. Na ce ta ba da tara, lambar da ba a taɓa aikenta da ita ba. Ta ƙirgo tara ta tsaya.

Shekara 4 da wata 6 zuwa wata 9: gidajen alli

Yaya bai sake ta da maganar lesin ba.

Sanin wace lamba ta fi wace shi ne abin da ya rage. In ka ce mata takwas da shida wanne ya fi, sai ta yi canke. Da sallah ma an ga irin wannan a kuɗin yawon sallah: ta yarda ta ba yayanta naira ɗari biyu guda ɗaya ya ba ta naira hamsin guda uku, tana ta murna ta samu uku. Wannan ban damu da shi ba, darajar takardar kuɗi wani karatu ne na gaba.

Robert Siegler da Geetha Ramani sun nuna a 2008 cewa wasa a kan miƙaƙƙen layi mai gidaje 1 zuwa 10, zama huɗu na kwata-kwatan awa cikin mako biyu, ya ƙara wa yaran talakawa a Amurka sanin girman lambobi. Sharaɗin shi ne yaro ya riƙa faɗin lambar gidan da yake takawa. Sai na sa yayanta ya zana gidaje goma da alli a simintin tsakar gida, kowane da lambarsa. Su jefa murfin lemo, in ya faɗi a kife taku ɗaya, in a buɗe taku biyu, kowa da ƙafarsa yake tsalle. Wanda ke gida na huɗu in ya samu biyu, "biyar, shida" zai ce. Nan ta sha wahala, kusan mako biyu tana cewa "ɗaya, biyu", sai yayan ya mayar da ita baya. Rigima ta yi rigima, amma ba ta taɓa cewa cikinta na ciwo ba. Bayan wata guda na tambaye ta lambobi bibbiyu sau goma, wacce ta fi, ta dace sau tara. Da na ce yaya aka yi ta san takwas ta fi shida, ta ce, "Ta fi nisa."

Da aka ƙara gidajen zuwa ashirin, ƙirgar Hausa daga goma zuwa sama a yammaci ɗaya ta kama ta. Harshen ne ya sauƙaƙa mata. Goma sha ɗaya, goma sha biyu, kalmar da kanta tana gaya maka goma ce da ƙari, alhali ilebin da tuwelf ba sa gaya wa yaro komai. Kevin Miller da abokan aikinsa sun ga irin wannan a 1995, inda yaran ƙasar Sin, waɗanda harshensu ke cewa "goma ɗaya, goma biyu", suka riga yaran Amurka ƙetare wannan gaɓar. A 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta ce a fara koyar da yara da harshen uwa ko na yankin da suke, amma a makarantun kuɗi da yawa da na sani, da Turanci ake jawo iyaye. Mu dai a gida muka riƙa haɗa mata biyun: ta taka gida ta faɗa da Hausa, a dawowa ta faɗa da Turanci.

Shekara 4 da wata 10: koma-baya

Da damina ta yi zazzaɓin cizon sauro, ta kwanta mako guda. Da ta tashi, aka aike ta kofi biyar ta damƙo uku. Uwarta ta karaya ta ce an koma gidan jiya. Kwana biyar aka yi a haka, wata rana ta ƙirga, wata rana ta damƙa, sannan ƙirgar ta dawo ta zauna. Siegler ya daɗe yana nuna cewa yara ba sa yar da tsohuwar dabara ranar da suka samu sabuwa, sukan riƙe su tare, tsohuwar tana leƙowa in an gaji ko ana sauri, har ta ja baya a hankali.

Layi biyu kuwa har lokacin yana ka da ta. Amsarta ce dai ta canza. Takan ƙirga ta ce, "Duka shida ne, amma wannan ya fi yawa." Ƙirga na gaya mata abu ɗaya, ido na gaya mata wani, ta riƙe duka biyun.

Na gwada sauya yadda ake tambayar. A 1974 James McGarrigle da Margaret Donaldson a Sikotlan sun sa wata 'yar tsana "marar ji" ta hargitsa layin kamar bisa kuskure, sai yara da yawa da suka faɗi a gwajin Piaget suka amsa daidai. Dalilin da suka kawo shi ne in babba ya taɓa abu da gangan ya sake tambaya, yaro yakan ɗauka an canza wani abu ne. Patricia Greenfield ma ta ga makamancin haka a Senegal a wajajen 1966 tsakanin yaran Wolof da ba su shiga boko ba: in su suka juye ruwan da hannunsu, sun fi yarda cewa yawansa bai canza ba. Ranar da ƙaninta mai rarrafe ya bi ta kan layinmu ya watsa shi, na ce, "Wayyo, yanzu na wa ya fi?" Ta ce, "Ai bai ɗauki ko ɗaya ba." Da ta baza da hannunta, sau biyu cikin uku ta ce daidai suke. Da ni na baza, ta koma wa tsohuwar amsa.

Shekara 5 da wata 2: inda aka tsaya

Sanyi ya sake zagayowa, Hajiya ta sake raba gyaɗa, wannan karon takwas-takwas. Yayan ya baza tasa kamar bara yana satar kallonta. Ta dubi layinsa, ta dubi tata. Sai ta matsa kusa, ta riƙa ɗaukar gyaɗarta tana ajiye kowace a ƙarƙashin ɗaya daga cikin nasa, har layi ya ƙare babu wadda ta rasa abokiya. Ta ce, "Bazawa kawai ka yi." Ta kwashe abinta ta tafi.

A gwajin ƙarshe da na rubuta, tana ba da kowane adadi har goma sha biyar. Layi biyu ta dace sau uku cikin uku ko da ni na baza, kuma ba ta ƙirga ba, cewa ta yi ba a ƙara ba, ba a rage ba. Uku a tara da biyu tana yi da yatsu, yawanci daga ɗaya take farawa, jefi-jefi ta ce "uku" ta ɗora "huɗu, biyar". In aka tambaye ta "nawa ne?", abin take kallo.

Abin da na fahimta

Kowa a gidan ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma matakin da aka fara ɗauka ya ƙara ƙarfi ne a inda dama take da ƙarfi. Lesin ya tsawaita jerin da ta riga ta iya, ya bar ma'anar lamba a bakin uku, ya kuma koya mata neman amsa a fuskar babba. Bayanina ya faɗi saboda dalili makamancin wannan: na ba ta ƙa'ida da baki, ita kuma gwanar haddace abin baki ce, sai ta haddace.

Rabon dabino ya yi aiki ne don ya haɗa abubuwan da sauran suka rasa. Matsalar tata ce, in ta yi kuskure wani zai rasa abin buɗa-baki, kuma da idonta za ta gani ba sai an gaya mata ba. Adadin ya fara daga huɗu, taku ɗaya gaba da inda take. An yi shi da harshen da take tunani da shi, kullum, kwana talatin, wurin tsohuwar da ba ta gaggawa. Kuma an bar ta ta bi hanyoyinta masu tsawo, sawu huɗu da kwasowa a mayar, har ta gano gajeruwar da kanta. Dabarar da ta karya wayon yayanta da ita a ƙarshe, wato kowace gyaɗa da abokiyarta, ita ce dabarar faifai ta makon farko na azumi, ta ɗauko ta bayan wata tara ta kai ta inda ba wanda ya nuna mata.

Hajiya ma ta yi gaskiya da ta ce yarinta ce. Wata goma sha uku a rayuwar ɗan shekara huɗu ba kaɗan ba ne, kuma yawancin yara suna ƙetare gwajin layi biyu tsakanin shekara biyar da bakwai ko an koya musu ko ba a koya ba. Ba zan ce mu muka kawo wannan ba. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne tsallen da ta yi daga uku zuwa tara cikin wata guda, bayan mako goma sha biyu na lesin da bai motsa shi ba, da kuma dawowar idonta daga fuskokinmu zuwa kan abin da ke gabanta. Kukan gyaɗa kuwa da aka kira haɗama, na yi imani kukan wadda ta ga an zalunce ta ne, domin abin da idonta ya nuna mata ke nan.

Har yanzu akwai inda ido ke rinjayarta. In aka zuba zoɓo daidai wa daida, ɗaya a dogon kofi ɗaya a mai faɗi, dogon take zaɓa, ta ce ya fi yawa, kuma ko an juye a gabanta ba ta sauya magana. Ruwa ba ya ƙirguwa, ba shi da abokin da za a jera masa, shi ya sa yakan zo a baya. Uwarta ta sayo kofuna shida iri ɗaya, da su ake raba wa yara yanzu.